Matar da Ta Juya Baya

Mata biyu aka haifa a ƙasar Faransa a shekarar 1822, kuma dukansu biyu suka bar duniya a shekarar 1899. Kowacce 'yar mai zane ce, kowacce a gaban mahaifinta ta koyi riƙon fensir da buroshi, kowacce kuma da wannan sana'a ta ci ta sha har tsufa. Ta farko, Rosa Bonheur, dawaki da shanu ta zana. Sai da ta karɓi izinin 'yan sanda a rubuce kafin ta sa wando ta riƙa shiga kasuwar dawaki tana nazarin jikin dabbobi. Babban zanenta na wannan kasuwa yana rataye yau a gidan tarihi na Metropolitan da ke New York, kuma a 1865 Sarauniya Eugénie, matar Napoleon na Uku, ta je har gidanta ta maƙala mata lambar girma ta ƙasa. Ta biyu, Anaïs Toudouze, riguna ta zana. Babu sarauniyar da ta je gidanta. Amma in ana batun yawan idanun da suka kalli aikin mutum a zamaninsa, ba na jin Bonheur ta kama ƙafarta, domin zanen Anaïs mako-mako yake shiga gidajen mutane, a naɗe cikin mujalla, a buɗe shi a kan tebur, a auna shi da ido, a yi gardama a kansa, in yayinsa ya wuce a ba yara su yi wasa da shi.

Faransanci nake koyarwa a makarantar sakandare, kuma ta hanyar wani littafi na san da zamanta. Duk wanda ya karanta Madame Bovary, labarin da Gustave Flaubert ya fitar a 1857, zai tuna Emma, matar likitan ƙauye, wadda zaman karkara ya isa. Ta sayi taswirar birnin Faris tana bin titunansa da ɗan yatsa, ta kuma yi rajistar mujallun mata guda biyu don ta san abin da ake sawa a can. Na so in ga irin abin da Emma take kallo da idona, sai na shiga Gallica, rumbun intanet na babban ɗakin karatun ƙasar Faransa, inda aka zuba tsofaffin mujallu kyauta ga mai so. A nan na tarar da abin da zan kira hoton yayi: takarda guda mai launi, mata biyu ko uku a tsaye cikin lambu ko falo, a ƙasa kuma sunan mujalla da sunan shagon da ya ɗinka kayan da adireshinsa. A kusurwar ƙasa, da rubutu ƙanana ainun, akwai sa hannun mai zanen. Na yi ta juya shafi, shekara na bin shekara, buje na kumbura yana sacewa, hula na girma tana ƙanƙancewa, amma sunaye biyu ko uku sun ƙi gushewa daga wannan kusurwa. Ɗaya daga cikinsu shi ne nata.

Gidan zane ta fito. Mahaifinta, Alexandre Colin, almajirin Girodet ne, abokin Eugène Delacroix kuma, wanda ake lissafawa cikin manyan masu zanen Faransa na ƙarnin. Mahaifiyarta ma mai zane ce. 'Ya'yansu mata uku suka shahara a sana'a guda: Héloïse, wadda ta auri mai zane Auguste Leloir, sai Anaïs, sai ƙanwarsu Laure, wadda aka sani da Laure Noël. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, haka ne, sai dai gudun ɗiya mace a Faris ta wancan lokaci yana da iyaka. Babbar makarantar zane ta gwamnati, École des Beaux-Arts, ba ta ɗaukar mata. Gasar da ake kira Prix de Rome, wadda mai nasara a cikinta ke tafiya birnin Rum ya yi shekaru yana karatu da kuɗin hukuma, ta maza ce zalla. Malaman zane na lokacin sun jera aikin daraja hawa-hawa: a ƙoli akwai zanen tarihi da labaran Girkawa da na addini, wanda ba ya yiwuwa sai mutum ya koyi zana jikin ɗan Adam tsirara, abin da aka ce bai kamaci 'yar mutunci ba. A ƙasa akwai furanni, da 'ya'yan itace, da ƙananan hotunan fuska. Can ƙasa da wannan, inda ma ba a lissafi, akwai zanen tufafi na mujallu. Nan 'ya'yan Colin suka samu ƙofa a buɗe, suka shiga, suka kuma mamaye wurin na kimanin rabin ƙarni, su da wani namiji guda mai suna Jules David.

Ya kamata a san yadda ake yin wannan takarda, don hannun da ya taɓa ta ba ɗaya ba ne. Mai zane za ta ga rigar da shagon ɗinki yake son tallatawa, ta zana ta da fensir da fentin ruwa, ta sanya mata mai sawa, ta shirya musu wurin tsayuwa. Daga nan sai a kai wa mai karta ƙarfe, wanda zai bi layukan ɗaya bayan ɗaya ya tona su a kan faranti. A da tagulla ake amfani da ita, amma tana saurin cinyewa. Da aka koma farantin baƙin ƙarfe sai ya zamana faranti guda yana iya buga dubban takardu bai dushe ba. Injin bugu baƙi kaɗai yake fitarwa. Duk wani shuɗi da ja da kore da ke jikin takardar, hannu ne ya shafa shi, takarda bayan takarda, kuma galibi hannun mata ne da ake tarawa a ɗaki guda ana biyansu ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. A birnin Philadelphia na Amurka, mujallar Godey's Lady's Book, wadda ta sha kwashe hotunan Faris ta sake bugawa, mata wajen 150 take ɗauka don wannan shafe-shafe kaɗai. Mai zane tana da suna a kusurwa, mai karta ƙarfe ma wani lokaci yana da nasa a ɗaya kusurwar, mai shago yana da nasa da manyan baƙaƙe. Masu shafa launi ba su da ko ɗigo. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ina faɗin wannan ne don kada tausayin Anaïs ya rufe mana ido: a ƙarƙashinta ma akwai wasu.

Ta auri Gabriel Toudouze, masanin gine-gine wanda shi ma yana karta hoto a ƙarfe. Suka haifi Gustave a 1847, Édouard a 1848, Isabelle a 1850. A 1854 mijin ya rasu. Tana da shekara talatin da biyu, babban ɗanta yana da bakwai, autar tana da huɗu. Dokar Faransa ta lokacin, wadda Napoleon na Farko ya kafa a 1804, ta sa matar aure a ƙarƙashin ikon mijinta a sha'anin dukiya, har ma sai a 1907 aka yarda kuɗin da mace ta samu da guminta ita ke da ikon kashe shi. Wadda mijinta ya mutu kuwa tana da ikon sa hannu a yarjejeniya da kanta. Wato doka ta ba Anaïs 'yancin riƙe aljihunta a daidai ranar da ya zama babu wani aljihu a gidan sai nata. Kafin aure Anaïs Colin take sa hannu. Bayan aure ta koma Anaïs Toudouze, kuma da wannan suna ta ci gaba shekara arba'in da biyar bayan an binne mai shi. Ta yi wa Le Follet aiki, ta yi wa Magasin des Demoiselles, mujallar 'yan mata, ta yi wa La Mode Illustrée, wadda aka kafa a 1860 take fita kowane mako ƙarƙashin jagorancin wata mace, Emmeline Raymond. A wannan mujalla mai ƙaramin ƙarfi yana iya biyan bugu mai arha na baƙi da fari, mai hali ya ƙara kuɗi a haɗa masa da takarda mai launi.

Shekarun da ta yi aiki shekaru ne da tufafin matan Turai ba su zauna wuri ɗaya ba. A 1856 aka fito da wani keji na siraran ƙarafuna, kamar akurkin kaji, da mace ke ɗaurawa a ƙugu don buje ya buɗe ya yi faɗi. Sunansa kirinolin, kuma mata da dama sun ƙone saboda shi, don gefen buje kan kai ga murhu mai shi ba ta sani ba. A wannan shekarar dai wani matashi Bature ɗan Ingila, William Perkin, ya gano rinin shunayya daga kwalta, aka shiga yayin launuka masu kashe ido. A 1858 wani ɗan Ingilan, Charles Frederick Worth, ya buɗe gidan ɗinkinsa a titin Rue de la Paix, ya zama telan sarauniya. Wajen 1870 kejin ya tafi, faɗin ya tattare ya koma baya, aka riƙa yin ciko a bayan ƙugu ana tara yadi a kai. Duk wannan ya bi ta ƙarƙashin fensirin mace guda, ita kuma ba ta da damar ta ce wannan yayi bai yi mata ba.

Abu na farko da mai kallo zai lura da shi a hotunan nan shi ne matan ciki ba sa yin komai. Wata ta riƙe wasiƙa ba ta karantawa. Wata ta ɗora hannu a kan fiyano ba ta kaɗawa. Wata tana miƙa wa yarinya fure, yarinyar tana kallon wani wuri. Fuskokinsu kusan ɗaya ne, kamar 'yan uwa: ƙaramin baki, kumatu masu ɗan ja, hannu da ƙafa ƙanana fiye da yadda Allah yake halitta. Maza ba su cika bayyana ba. Kuma sau da yawa, in mata biyu ne, ɗaya tana fuskantarka, ɗaya ta juya maka baya ko ta ba ka gefe. Masana tarihin zane sun yi rubutu a kan wannan shiru da wannan rashin haɗa ido, wasu na ganin kaɗaicin matan masu kuɗi ne ya fito a ciki ba da niyya ba. Fassara ce mai daɗin karantawa. Amma ni ina da wata masaniyar a gida.

Mahaifiyata, Inna, maɗinkiya ce. Mahaifinmu ya rasu ina aji uku na firamare, ya bar mu mu huɗu, ya bar mata ɗaki biyu da keken ɗinki samfurin Butterfly wanda ya saya mata tun tana amarya. Da ta fita takaba ta jawo keken bakin taga, kuma tun daga ranar ƙarar fedarsa ta zama agogon gidanmu. A cikin gida take aikinta. Yara ne ke kawo yadi, su kuma ke mayar da ɗinki. A bangon ɗakin akwai irin kalandar nan ta salon ɗinki da ake kawowa daga Legas, mata sun yi kwalliya sun jingina da mota ko sun tsaya a matakalar bene, mai kawo ɗinki ta nuna da yatsa ta ce wannan take so. Goman ƙarshe na azumi Inna ba ta san barci ba. Da wannan keke aka biya mini kuɗin jarrabawa, da shi ƙanena ya yi karatun likita.

Ni ce 'yar fari, don haka ba ta kiran sunana. Tun da na fara koyarwa ta samu mafita, sai ta ce Malama. Wata rana na miƙa mata waya da ɗaya daga cikin hotunan Anaïs na shekarun 1870, na ce, “Inna, dubi kayan matan Faransa na da.” Ta gyara tabarau, ta buɗe hoton da yatsu biyu yadda jikokinta suka koya mata, ba ta ko kalli fuskokin ba. Kafaɗa ta fara dubawa, sannan ƙugu, sannan ta gangara gefen buje tana ƙirga tattara da leɓenta.

Na ce, “Inna, me kika gani game da wannan da ta juya baya?”

Ta ce, “To da ba ta juya ba, Malama, ta ina za a san yadda aka haɗa bayan? Ai riga ba gaba kaɗai gare ta ba. Waccan kuma da ta ɗaga hannu tana nuna tsuntsu, ba tsuntsun ne ya dame ta ba, so ake ki ga ɗinkin hammata.” Ta ɗan yi shiru, ta ƙara da cewa, “Wadda ta yi wannan ta san ɗinki. Ko ba ta taka keke ba, ta zauna kusa da mai takawa.”

Tun daga ranar na sake kallon hotunan da idon Inna, kuma kowace tsayuwa sai na ga dalilinta. Wasiƙar da ba a karantawa tana sa hannu ya lanƙwashe ne don bakin hannun riga ya fito. Zaman da ake yi a gefen kujera yana baje buje ne don a ƙirga layin leshi. Yarinyar da ke tsaye a gefe tana sanye da kayan yara na wannan mako, uwa ta samu biyu a kuɗin ɗaya. Takardar umarni ce aka yi wa ado, daga hannun mace mai aiki zuwa hannun wata mace mai aiki a wani gari mai nisa, wadda ba za ta taɓa shiga shagon Worth ba amma dole ta fitar da makamancin abin da yadi mai arha kafin ranar Lahadi. Wahalar aikin kuwa a nan take: dole karan-miski ya bambanta da siliki, siliki ya bambanta da ulu, da layin fensir kaɗai, kuma layin ya kasance mai tsabta yadda zai tsira bayan ya bi ta hannun mai karta ƙarfe da hannun mai shafa launi wadda ta gaji. Wanda ya ce wannan ba gwaninta ba ce bai taɓa gwada zana zanen da aka naɗe ba. Mu da harshenmu ya ba aikin alƙalami da abin ɗaurawa a ƙugu suna kusan iri ɗaya, zane da zane, bai kamata mu raina haɗuwarsu ba.

Duk da haka ba zan ce hotunan nan ba su da laifi ba. Talla ce, kuma talla ba ta faɗin farashin da ke bayan farashi. Silikin da ke sheƙi a takardar masaƙan birnin Lyon ne suka saƙa shi, mutanen da yunwa ta sa suka yi bore a 1831 da 1834 aka tura musu soja. Audugar da ke ƙarƙashin silikin, kafin 1865, mai yawa daga cikinta bayi ne baƙar fata suka tsince ta a gonakin kudancin Amurka. Maɗinkan Faris da ke ɗakunan saman bene suna kashe idonsu a hasken kyandir ba su taɓa fitowa a cikin lambun da Anaïs ke zanawa ba. Ita kanta ba ta fito ba: mace mai marayu uku, mai wa'adin mako a wuya, ta shafe rayuwarta tana zana matan da ba su da abin yi. A ɗaya ɓangaren kuma akwai mai kallo. Emma Bovary ba soyayya kaɗai ce ta kashe ta ba. Bashin mai sayar da yadi, Lheureux, shi ya kai ta ga shan guba. Na ga ƙanwar wannan a ɗakin Inna: matar da ta ci bashin anko uku a wata guda, ta zo karɓar ɗinki tana rantsuwa cewa kuɗin na nan tafe, Inna ta ba ta don kunya, mu kuma mu kwana da gaya babu mai. Hoton da ya ciyar da gida ɗaya yakan rushe wani.

To, in haka ne, me ya sa na tsaya a kanta? Saboda shekarar 1871. Daga Satumbar 1870 zuwa Janairun 1871 sojojin Jamus sun yi wa Faris ƙawanya har mutane suka ci dawaki da ɓeraye. Daga Maris zuwa Mayu talakawan birnin suka kafa gwamnatinsu da ake kira Commune, aka murƙushe su cikin mako guda na jini da gobara. A cikin wannan shekarar ɗanta Édouard, yaron da yake ƙarami ranar da mahaifinsa ya rasu, ya ci gasar Prix de Rome da zanen Oedipus, sarkin tatsuniyar Girkawa, yana bankwana da gawarwakin matarsa da 'ya'yansa. Ya tafi Rum, ya dawo, ya yi wa manyan gine-ginen hukuma ado. Yayansa Gustave ya zama marubucin littattafan labari, har yana musayar wasiƙa da Flaubert, mutumin da ya ƙirƙiri Emma. Gasar da uwa ba ta da izinin shiga, ɗa ya shiga ya ci, kuma burodin da ya ci shekara goma sha bakwai kafin ya kai can daga tattarar buje ya fito. In ka duba taƙaitaccen tarihinsa, sau da yawa da uba ake farawa, masanin gine-gine, sannan malamansa. Na san wannan jeri. Ranar da ƙanena ya gama karatun likita, dattawan unguwa suka cika zaure suna cewa ɗan Malam wane ya yi abin kai, Allah ya jiƙan mahaifinsa, kyan ɗa ya gaji ubansa. Addu'a ce mai kyau, mun amsa da amin. Inna tana ciki tana ƙarasa wuyan wata riga, don mai ita za ta aiko da la'asar.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne manyan mazan da ake karantawa a jami'a sun san darajar waɗannan takardu tun a lokacin. Mawaƙi Charles Baudelaire, a maƙalarsa ta 1863 kan mai zanen rayuwar zamani, da tsofaffin hotunan yayi ya buɗe hujjarsa cewa kyau yana da ɓangaren da ke tafiya da lokaci. Amma da ya zo zaɓen gwarzonsa, namiji ya zaɓa, Constantin Guys. Claude Monet ya zana mata huɗu a lambu wajen 1866, cikin fararen riguna, ba mai kallon wata, ɗaya ta ba da gefe tana wucewa, kuma masana sun daɗe da nuna kamanninsa da hotunan mujallu. Paul Cézanne, wanda ya ɓuya a kudancin Faransa don kada a ɗauke shi soja a yaƙin 1870, ya ɗauki hotuna daga La Mode Illustrée ya kwaikwaye su da fenti mai kauri, tsayuwa da tsayuwa, laima da laima. A 1874 mawaƙi Stéphane Mallarmé ya fitar da mujallar ado da kansa, La Dernière Mode, ya rubuta kusan komai a cikinta da sunayen mata na aro, ta fito sau takwas ta mutu. Shi wasa ya yi na 'yan watanni, ana kuma ta nazarinsa har yau. A 2012 gidan tarihi na Orsay da ke Faris ya yi babban baje koli kan dangantakar waɗannan masu zane da yayin tufafi, aka jera riguna da hotunan mujallu kusa da manyan alluna. Mutane sun yi layi don Monet da Manet da Renoir.

Ba na cewa a sauke Cézanne a rataye Anaïs. Na kalli nasa na kalli irin wanda ya kwaikwaya, na ga abin da ya ƙara: nauyi, da damuwa, da sararin sama mai barazana. Sai dai in ka ba Inna nasa ba za ta iya fitar da riga daga ciki ba. Aiki biyu ne daban, kowanne da abin da aka nufa da shi, kuma ɗaya ya tsaya ne a kan kafaɗar ɗaya.

Héloïse ta rasu a 1873, Laure ta biyo ta bayan 'yan shekaru, Anaïs ta rage ita kaɗai a cikin ukun. 'Yarta Isabelle ta shiga sana'ar, ita ma da ta yi aure ta koma sa hannu da Isabelle Desgrange. Zuwa ƙarshen ƙarnin an gano yadda za a buga hoton kyamara kai tsaye a takardar mujalla, kuma da shigowar sabon ƙarni sai ga mata na gaske, masu fuska daban-daban, sun fara maye gurbin waɗanda ake zanawa. A 1897 École des Beaux-Arts ta buɗe ƙofa ga mata. Anaïs tana da shekara saba'in da biyar. A 1903 aka yarda mata su shiga gasar Rum, shekara huɗu bayan rasuwarta. Ɗan yayarta, Maurice Leloir, ɗan Héloïse, wanda ya tashi a gidan da ake zana riguna safe da yamma, ya kafa ƙungiyar tarihin tufafi a 1907, kuma tsofaffin kayan da suka tara su ne tushen abin da ke gidan tarihin tufafi na Galliera a Faris yau. Takardun Anaïs kuwa sun warwatsu. Wasu suna Gallica, wasu a gidajen tarihi na Landan da New York, da yawa kuma an yage su daga mujallunsu ana sayarwa ɗai-ɗai ga masu son abin ratayawa a bango.

Idon Inna ya yi rauni yanzu, ƙanwata ce ta gaji keken, ta haɗa masa da na lantarki. Kafin ƙaramar sallar bara Inna ta sa na buga mata wancan hoton a takarda babba, ta kira ƙanwata, ta nuna mata hannun rigar matar da ta juya baya, mai tattara uku a gwiwar hannu da ɗan leshi a baki. Suka yi kwana biyu suna gwadawa a kan tsohon yadi kafin ya zauna, don atamfa ba ta kwanciya yadda siliki ke yi. Aka sa shi a rigar wata amarya. Bayan sallah mata huɗu suka aiko da yadi suna son irinsa. Ɗaya daga cikinsu ta tambayi ƙanwata inda ta samo salon, ita kuma tana cizon zare ta ce, “A waya.”